Ƙullin Gidanmu a Kan Naman Gyado

Na san abin da ake faɗa muku a bakin rijiya, kada ku ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. An faɗa wa iyayenku, yanzu ga shi ya gangaro kanku. Kwanan baya jikata Hadiza ta shigo tana kuka, wai an ce da ita jikar mai gyado, wai kakanta ya ciyar da Musulmi alade. Uwarta ta share mata hawaye ta ce ƙarya ne. Ina kwance a zaure ina jin su, maganar ta hana ni sakat. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. In na tafi da shi a ciki, za ku yi ta musu a kan abin da ba ku sani ba, wani lokaci ku rantse a kan ƙarya saboda ni. Shi ya sa na zauna zan warware muku shi, har da wurin da ba ya yi mini daɗi.

Lokacin da nake magana Nasara bai zo ba. Dakoron da kuke gani, rijiya ce da ƴan gidaje, daji ya kewaye mu ko'ina. Ubana shi ne sarkin fawan wannan yanki, kuma sana'ar gidanmu banda ce, wato naman da aka yanyanka aka busar a kan hayaƙi don ya yi watanni bai lalace ba. Da kaka, idan Fulani da Buzaye suka gangaro da dabbobi daga wajen Azagor da Tagiris, sai ubana ya sayi tsofaffin shanu da bajimai, mu yanka, mu kyafe, mu zura a igiya, mu jibge a rumbu. Da rani har bazara mu yi ta bin kasuwanni da jakuna, daga Ajekoriya zuwa Kornaka har ƙauyukan bakin Gulbin Kaba. Wahalar sana'ar guda ce, sanin yawan shanun da za ka yanka. Ka yanka da yawa, ƙwari su cinye maka a rumbu. Ka yanka kaɗan, kasuwa ta buɗe kana zaune hannu biyu.

Ga yadda ubana yake ganewa. Rabin masu sayen nama a kasuwannin Gulbi Anna ne, Hausawa kamarmu, harshe ɗaya, tsage ɗaya a fuska, sai dai ba sa salla, al'adar kakanni suke bi. Su suna cin gyado, aladen daji, wanda ake ce wa mugun dawa, kuma mahalbansu suna yin bandarsa kamar yadda muke yin ta saniya. Shekarar da ruwa ya yi yawa, tafkuna suka cika, gyado yana hayayyafa, ragayar mahalba har ta lanƙwashe don nauyi, kuma a wannan shekara Anna ba su waiwayar naman saniya. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, gyado ya yi nisa, bandarmu ba ta kaiwa bazara. Don haka kowace kaka, kafin ya ɗora wuƙa a wuyan ko saniya ɗaya, ubana yakan ɗauki gishiri ya tafi gaisuwa unguwar mahalba da ke yamma da mu. Ba ya cin abincinsu, ba ya taɓa namansu, ya dai zauna ya yi ta hira yana satar kallon ragaya. A hanyar dawowa sai ya ce da ni,

“Ka gani? Bana tasu ta cika. Mu yanka kaɗan.”

Wata shekarar kuma ya ce,

“Bana babu komi wurinsu sai hayaƙi. Wasa wuƙaƙe.”

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku sani, don a kansa komai ya rataya. Nama in ya sha hayaƙi ya yi baƙi, ido ba ya raba na saniya da na gyado. Saboda haka igiya ce take magana a kasuwa. Mahalba suna zura nasu a jar igiya ta ɓawon kalgo, su bar bakinta a sake. Mu kuma farar igiyar kaba, kuma kowane gidan fawa da irin ƙullinsa. Na gidanmu ƙulli biyu ne, a lanƙwasa bakin igiyar a mayar ciki, ya fito kamar kunnen akuya. Daga nan har Tibiri an san shi. Makaho ma in ya shafa ya ji wannan kunne, ba ya tambayar wa ya yanka ko da sunan wa aka yanka. Tun ina ɗan shekara bakwai ubana yake bugun yatsuna a kan wannan ƙulli, har na kai ina yinsa ina hira, ina yinsa ina gyangyaɗi.

Ubana ya rasu ina da aure shekara biyu, ya bar mini wuƙarsa da jakuna uku da tsohuwa. Kakar farko da na riƙe gidan, damina ta yi kyau sosai. Na ɗauki gishiri na tafi wurin Nomau, babban mahalbin unguwar, wanda ya girme ni kaɗan kuma tun muna yara muke kokawa da shi. Na tarar da rumbuna biyu cike da bandar gyado, ga ragaya ba wurin ƙari. Na dawo na yanka kaɗan, na sayar da shi tas kafin bazara, ina ta hura hanci wai na gaji ubana. Ban san wannan ne nama na ƙarshe da zan kai kasuwa da sunan gidanmu ba.

Shekarar da ta biyo ita ce ta mutuwar shanu. Ku da kuke ganin garke yanzu ba za ku gane ba. Ciwon ya shigo daga gabas. Saniya ta fara hawaye, baki yana dalala, sai zawo, kwana uku huɗu ta faɗi. Na ga Bafillace mai garken da ba ya ƙirguwa yana zaune a kan tudu da sandarsa, babu ko maraƙi, yana kiran shanunsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ungulaye suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Ciwon bai tsaya ga shanu ba, ya shiga daji, gyado da barewa suka yi ta mutuwa a bakin tafki. Mushe ba ya sayuwa a hannun Musulmi, waɗanda muka yi saurin yankawa kafin su mutu kuwa, naman ya ƙi bushewa, ya yi kore, muka binne. Mu mahauta ba manyan manoma ba ne, ɗan abin da muka shuka fara ta cinye mana rabi. Kafin tsakiyar rani, in na leƙa rumbu ƙasa nake gani.

Matata Rabi, kakarku, tana da cikin ƴarmu Hajo wata bakwai. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa wurin ya zauna. Inna, wato uwata, ita ke auna hatsi, kuma na lura ta sauya ƙwaryar awo ta ɗauko ƙarama ba ta gaya wa kowa ba. Kowace safiya nakan zauna a zaure in kasa kunne ga turmi, ina auna tsawon dakan. Da can sai rana ta yi sama ana daka. Yanzu kafin in gama lazimi an ajiye taɓarya. Tsoro ya shiga ni irin wanda ban taɓa sani ba, tsoron kada haihuwa ta zo ta tarar da Rabi babu ƙarfin nishi.

Ana cikin haka Nomau ya aiko a kira ni. Na same shi kwance a ɗaki, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Wani gyado ne ya tsage masa ƙwauri da haure tun bara, miki ya rufe, ya sake buɗewa. Bayan mun gaisa ya nuna mini rumbunansa da baki.

“Ɗan Sarkin Hwawa, duk ƙasag ga babu nama sai wanga nawa na bara. Mutanenmu na Gulbi suna da tsohon gero a rumbu, nama ne ba su da. Ni ba ni da ƙahwa, ba ni da jaki. Kai kana da jakai ukku suna cin ƙasa.”

Na ce, “Nomau, ka san ko ni wane ne?”

“Na sani. Ban ce ka ci ba. Ka kai musu, ka amso gero, mu raba biyu. Ɗiyana ma kwana biyu ke nan sai ganyen tahwasa suka ci.”

Na ce zan yi shawara. Da na faɗa a gida, Inna tana tsinkar zogale, ta ajiye ƙwaryar. Ni ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

“Kai wanga, wuƙar wa ke rataye a ɗakinka?”

“Ta Baba ce, Inna.”

“To hannun da zai ɗauki wancan abu, shi zai komo shi ɗauke ta? Mutane ba za su tambayi cikinka ba, hannunka za su duba.”

“Inna, ga Anna zan kai, wurin da suka saida shi kullum. Ba Musulmin da zai matso.”

“Ni dai na hwaɗa maka.”

Rabi ba ta yin magana in Inna tana yi. Sai da na shiga ɗaki ta ce, a hankali, ba ta dube ni ba,

“Maigida, tun jiya ban ji shi ya motsa ba.”

Wannan maganar ce ta ɗaura wa jakuna akumari. Da sassafe na kora su unguwar mahalba.

Da matan Nomau suka buɗe rumbu, sai muka ga gara ta shiga. Naman bai taɓu sosai ba, hayaƙi ya kare shi, amma jar igiyar kalgo duk ta cinye, kana ɗagawa nama yana zubewa. Banda kuwa da igiya ake sayar da ita, igiya kaza gero kaza, ba a kai ta kasuwa a warwatse. Ɓare kalgo a murza sabuwar igiya aikin kwana uku ne, ni kuma gobe nake son kama hanya don in riski kasuwar Laraba. A gida ina da damin igiyar kaba da na tanada don shanun da ban yanka ba. Na koma na ɗauko. Na ce a raina launin igiya ba komai ba ne tunda a gefen mahalba zan zauna, zan dai bar bakinta a sake kamar yadda suke yi. Na zauna gindin aduwa a bayan gidan, ni kaɗai, don ba na son a gan ni. Tun hantsi har la'asar ina zurawa. Ƙyama ta cika ni, ina kau da kai, ina numfashi ta baki, hankalina yana wurin Rabi da abin da za a ce in an gan ni. Ko sau ɗaya ban dubi abin da yatsuna suke yi ba. Ina gama igiya in jefa a taiki, wato babban buhun fata, in ɗauki wata. Nomau yana ciki zazzaɓi ya rufe shi, matansa kuwa sun ba ni wuri don kunya. Babu wanda ya gani.

Kwana biyu muka yi a hanya, na bi wasu Buzaye masu gishiri saboda tsoron mahara. Sun tambaye ni me na ɗauko, na ce fatu. Ƙaryata ta farko ke nan, kuma ta fito da sauƙin da ya ba ni tsoro. Ko'ina ƙasusuwan shanu ne fari fat a gefen hanya. Duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai in ga kamar ya shinshino kayana.

Ranar Laraba da hantsi na sauke a gindin gawon da ke yammacin kasuwa, inda mahalba suke zama tun kakanni. Na ja rawani na rufe fuska, na shimfiɗa fata, na zazzage taiki ɗaya. Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan rububi ba. Mutane sun yi watanni ba su ga nama ba. Kafin in gyara zama an rufe ni, hannuwa ta ko'ina, wannan ya miƙo ƙwaryar gero, wancan ya miƙo zangarniya, mata suna ture maza. Ina karɓa ina zubawa a taiki, ina miƙa igiya. A cikin wannan turmutsitsi wa zai raba Anne da Musulmi? Ban ma yi ƙoƙari ba, na sakankance cewa gindin gawon ya gaya wa kowa abin da nake sayarwa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ina jin gero yana zuba, ina ganin Rabi tana shan kunu mai kauri. Taiki ɗaya ya cika, na biyu ya kusa.

Da mutane suka ɗan ragu sai ga wani tsoho ya durƙusa a gabana yana lalube. Na gane shi nan take. Malam Isufu ne, limamin wani ƙauye da ke gabas da kasuwar, aminin ubana, wanda idanunsa suka yi yana har ba ya gani sai inuwa. Ya ɗauki igiya ɗaya, ya bi ta da yatsa har ƙarshe, sai fuskarsa ta washe.

“Ashe gaskiya anka hwaɗa mini. An ce naman gidan Sarkin Hwawa ya shigo kasuwa, na ce sai na taɓa da hannuna. Ga kunnen nan kuwa. Kai ne, Hamidu?”

Na ce, “Ni ne, Allah gafarta Malam.”

“Mi ya kawo ka gindin gawo? Ko da yake bana kowa inda ya samu inuwa. Allah shi jiƙan ubanka. Ɗiyata Zinaru ta haihu, yau kwana tara ba abin da ka zama cikinta. Romo taka kira. Na ce ina zan samu nama na halal a shekarag ga? Ashe Allah ya aiko ka.”

Ya kwance bakin rigarsa ya zuba mini ɗan geron da ya ƙulla a ciki. Ni kuwa idona yana kan igiyar da ke hannunsa. Ƙulli biyu, da kunnen akuya. Na dubi waɗanda ke kan fata. Duk haka suke, kowace ɗaya. Malam ya sa mini albarka, ya dafa sandarsa, ya tafi.

Nan ne wurin da nake so ku ji da kyau, don masu zagina ba su san shi ba, masu kare ni ma ba su san shi ba. Ban kira shi ba. Ina kallon bayansa har ya shige cikin mutane. Bayan haka ma wasu mutum uku suka zo, na karɓi geronsu, na miƙa musu igiya, ban tambaye su ko suna salla ba. Zuciyata tana ce mini hayaƙi ya mayar da nama duk ɗaya, babu wanda zai gane a baki, ka ɗaure kayanka ka kama hanya, jibi kana gida. Tana ce mini ba da gangan ka yi ba. Tana nuna mini ƙafafun Rabi. Na fara tattara fata.

Sai aka kira azahar a gefen kasuwa. Na ɗaga kai, na ga mutane suna taruwa a filin da ake salla, suna jera sahu. Wannan ya ajiye farar igiya a gaban ƙafarsa, wancan ya rataya tasa a kafaɗa, wani ya soke a ɗamara. Na fara ƙirga, na kai goma sha wani abu na kasa ci gaba. Duk saboda kunnen akuyar nan suka saya, babu wanda ya tambaye ni komai. Ban san lokacin da na hau kan taikin gero ba. Na fizge rawani, na buɗe murya.

“Jama'a! Duk wanda ya sayi nama wurina, kada shi ci! Gyado ne! Na Nomau mahalbi ne! Ni ne Hamidu ɗan Sarkin Hwawa, ni na ɗaura ƙullin, gyado ne!”

Kasuwa ta kaure da ihu. Igiya ta fara sauka a fuskata. Wani ya kawo mini sanda a baki, haƙorin nan da kuke yi mini dariya a kansa, ranar ya tafi. Wata mata tana ta kakarin amai don ta riga ta gutsura. Aka yi kan taikuna, kowa yana ɗibar geronsa, wasu har da na maƙwabta. Da ba don dattawan Anna sun kewaye ni da sandunansu ba, ban san ko zan bar gindin gawon da ƙafata ba. Wata tsohuwarsu tana tsince naman daga ƙasa tana kaɗe masa ƙura, ta dube ni ta ce,

“Kai kuwa wane irin wawa ne? Da ka yi kurum wa zai sani?”

Sarkin kasuwa ya zo ya yanke magana a gaban kowa: daga ranar, abin da hannuna ya yanka ba ya shiga kasuwar. Ban yi gardama ba. Anna suka karɓi sauran naman, suka auna mini gero, duka bai cika taiki ɗaya ba. Na bar jakuna a wurinsu na kama hanyar ƙauyen Malam Isufu da gudu, jini yana zuba a rigata, ina roƙon Allah ya sa tsohon ya tsaya hutawa a hanya.

Tun daga bakin darni na ji ƙamshin romo. Na yi sallama, ya fito zaure yana murmushi, ya ce in zauna.

“Hamidu, albarka ta biyo ka. Ta sha ludayi ukku, har ta nemi tuwo. Yanzu jinjirin ke bakin nono.”

Na durƙusa na faɗa masa duka, daga ƙafar Nomau har sarkin kasuwa. Can ya ce,

“Ita ba ta da laihi, ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba. Kai ma hannunka ne ya yi abin da ya saba, Allah ya ga zuciyarka.”

Da na tashi a nan, da na tafi da sauƙi. Amma na ce,

“Allah gafarta Malam, sa'ad da ka shahwa ƙullin, na gane. Kana gabana na gane. Na bar ka ka tahi.”

Ya juyo da fararen idanun nan wajena. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

“To wanga naka ne. Ba ni iya ɗauke maka shi.”

Ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya ciro igiyar, babu nama a jiki, sai ƙullin. Ya miƙo mini.

“Shekara arba'in nika sayen nama ga ubanka, ban taɓa kai shi ga hanci ba. Kwance shi.”

Na kwance, yatsuna suna ƙin yi. Daga cikin gida na ji muryar mace, siririya, tana cewa, “Baba, akwai saura?” Malam ya miƙe ya shiga, bai sallame ni ba. Abin da ya yi da sauran tukunyar ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san Zinaru ta tashi, ɗanta ya girma har ya yi jikoki.

Labari ya riga ni isa gida. Na kai wa Nomau rabinsa, ya dubi bakina ya dubi geron, ya ce in ƙara ɗiba, na ƙi. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga ɗakina ta sauko da wuƙar ubana, ta naɗe ta a tsumma ta kai nata ɗakin, kuma ban sake ganin wuƙar ba sai ranar da muke kwashe kayanta bayan ta rasu. Kwana biyu ta ƙi cin tuwon geron, ran na uku ta ci, tana ci tana hawaye. Rabi ta sha kunu, cikin ya motsa, bayan wata biyu aka haifi Hajo, ƴar mitsitsiya amma da ranta. Ranar suna wani mahauci aka kira daga Ajekoriya ya yanka ɗan akuyar, ina tsaye ina kallo a cikin gidan ubana.

Shanu sun dawo bayan shekaru, gyado ma ya dawo, ragayar mahalba ta ci gaba da cika tana raguwa, amma ba ni ke zuwa dubawa ba. Na koma noma da haƙar rijiya, da su na ciyar da ku. Ban yi nadamar ɗaukar kayan Nomau ba, in na dubi Hajo da ƴaƴanta ba zan iya ba. Ihun da na yi a kasuwa ma ban yi nadamarsa ba, ko da ya ci mini sana'a da haƙori. Abin da nake nema wa gafara har gobe shi ne tsakanin tafiyar Malam Isufu da kiran azahar. Don haka in an ce da ku jikokin mai gyado, kada ku rantse cewa ƙarya ne. Ku ce ya ɗauka, ya sayar, ya yi shiru, sannan ya faɗa da bakinsa.

Iyayenku sun sha tambayata in koya musu ƙullin gidanmu, ina cewa na manta. Ban manta ba. Shekaranjiya ma ina ɗaure akuya a turke muna hira da Hadiza, na duba sai ga kunnen nan a bakin igiya. In kun ga na tsuguna ina kwance abin da na riga na ɗaura, ku daina ƙyafta wa juna ido wai tsoho ya fara ruɗewa. Malam Isufu ne ya ce in kwance, kuma har yau ban gama ba.